Rakiyar Shanu: Sana'ar Da Ta Sauka Daga Jirgi Ta Hau Tirela

Mubi ba ta da tashar jirgin ƙasa, ba ta kuma taɓa samu ba. Kai, duk faɗin jihar Adamawa babu inda aka shimfiɗa layin dogo ko da taku ɗaya ne. Amma kayan da garin ya fi fitarwa, in dai gaskiya za a bi, kayan jirgi ne: shanu, ga nauyi ga rai, ga tafiyar fiye da kilomita 1,000 kafin su isa mayankar Legas ko ta Fatakwal. A ƙasashen da aka tsara sufuri da hankali, irin wannan kaya tarago ake ba shi. Mu a nan tirela muka ba shi, muka ɗora wasu samari a kan ƙarafunanta na sama muka ce su kula. Waɗannan samari su ne 'yan rakiya, kuma sana'arsu ta girmi tirelar da suke hawa.

Tiken Mubi na cikin manyan kasuwannin shanu na arewa maso gabas, kuma zamanta a bakin iyaka shi ya ɗaga ta. Dabbobi na gangarowa daga Kamaru ta wajen Sahuda da sauran mashigai na gindin duwatsun Mandara, wasu kuma tun daga Chadi suka taso. Za ka ga jajayen rahaji masu dogon ƙaho, da fararen bunaji, da gudali na ƙasar Adamawa masu gajeren ƙaho da cikar jiki, da wadara na Larabawan Shuwa. Dillali ya shiga tsakani, a taya, a yi albarka, a sake tayawa, a sallama, ya karɓi la'adarsa. Daga nan mai saye ya sa yaronsa ya shafa wa kowace dabba alamarsa da fenti a gadon baya ko a ɗuwawu, domin sau da yawa mutum uku ko huɗu ne ke haɗa mota ɗaya. Inda ciniki ya ƙare, nan aikin 'yan lodi da 'yan rakiya ke farawa.

Lodi ba aikin ƙarfi kaɗai ba ne, ko da yake mai kallo daga nesa abin da zai fara gani ke nan. Kafin a sa dabba ko ɗaya, sai an zuba yashi a cikin motar, a bi da ciyawa ko buntun shinkafa, don kada kofato ya zame a kan ƙarfe idan fitsari da kashi sun jiƙa wurin. Direba ya yi baya har gindin motar ya haɗu da tudun lodi. Sai a jawo bijimi da igiya a ƙaho, wani na murɗa wutsiya, wani na tsawa, har ya shiga. Babban ɗan lodi yana tsaye yana raba wuri da ido: wannan kansa gabas, na kusa da shi kansa yamma, don ƙahoni kada su haɗu. Mafaɗaci a ɗaure shi tamau a jikin ƙarfe. Mai rauni a kai shi inda ba za a danne shi ba. Manyan shanu wajen 30 ke cika tirela, ƙanana kuwa sun fi haka. Idan an cusa da yawa, wanda ya faɗi ba zai sami wurin tashi ba. Idan kuma an bar fili, duk birkin da direba ya taka sai sun zube a kan juna. Sanin tsakiyar nan shi ne gwanintar, kuma ba a koyonta a rana ɗaya.

Kakannin waɗannan yara da ƙafa suka yi wannan aiki. Kafin zuwan dogo, garke kan bi burtali da labi makonni, wani lokaci watanni, daga ƙasar Hausa da Barno da Adamawa zuwa kurmi. Da an haye Binuwai ko Kwara sai a shiga ƙasar ƙudan tsando, sammore ya kama dabbobi, su isa kasuwa a rame, wasu ma a bar su a hanya. Abin da ya fara sauya wannan lissafi shi ne isowar jirgi Kano.

An fara shimfiɗa layin daga Baro, a bakin Kwara, cikin 1907, zamanin Gwamna Girouard, wanda shi kansa injiniyan reluwe ne. Dogo ya iso Kano a 1911, aka buɗe shi ga fasinja da kaya a 1912, kuma a wannan shekarar aka haɗe shi da layin Legas ya zama hukuma ɗaya. A farkon lamari sai an ɗora taragai a kan jirgin fito a Jebba, kafin a gama gadar Kwara bayan 'yan shekaru. Turawa auduga suka sa rai za ta cika musu taragai saboda masaƙun Ingila. Manoman Kano suka duba farashi suka zaɓi gyaɗa, har ta fi ƙarfin jirgin tun a kakar farko. Daga wannan cunkoso ne dalar gyaɗa ta samo asali: buhuna ne da aka jibge suna jiran tarago. Alhassan Ɗantata, wanda ya rasu a 1955, a kan wannan ciniki ya zama attajirin da ake kwatance da shi.

Tashar Kano ta zauna a wajen ganuwa, ta kuma jawo gari ya biyo ta. Sabon Gari ya tashi don ma'aikatan reluwe da akawuna da 'yan kasuwar kudu. Fagge, tsohon zangon fatake, ta cika ta batse. Kantunan Turawa da na Kwarori suka jeru kusa da layi. Tashar kuwa ba ta fasinja kaɗai ba ce. Akwai ɗakin yankan tikiti mai aji uku, da taragon kwana da na cin abinci ga mai hali, da benci na katako ga talaka. Akwai sito da sikeli na awon kaya. Wasiƙu ta jirgi suke zuwa, haka kananzir da gishiri da siminti da atamfa. Fatu da ƙiraga da gyaɗa su gangara kudu, goro ya hauro. A can gefe kuma akwai shingen dabbobi da tudun lodi, inda malaman dabbobi ke duba lafiyar shanu su ba da takarda kafin a tura su cikin tarago. Layin ya ƙara miƙewa daga Zariya zuwa Ƙauran Namoda a 1929, daga Kano zuwa Nguru a 1930, kuma garuruwan nan biyu, da yake nan dogo ya tsaya, suka zama matattarar shanu da gyaɗa.

A cikin taragon nan aka haifi rakiya irin ta yau. Mai shanu ba zai saki dukiyarsa kwana biyu ko uku a rufe ba tare da ido a kanta ba, don haka sai ya sa yaro ya bi ta, da sanda da igiya da wuƙa da ɗan guzurinsa. Duk inda jirgi ya tsaya shan ruwa, Zariya ko Minna ko Jebba ko Offa, yaron ya sauko ya leƙa ta tsakanin katakai, ya ta da wadda ta kwanta. Wani mai bincike, Abner Cohen, wanda ya zauna da Hausawan Sabo a Ibadan a farkon shekarun 1960, ya nuna yadda kasuwar can ta raba shanu gida biyu, na jirgi da na ƙasa. Na ƙasa sun sha tsando, dole a sayar da su da wuri kafin su mutu a hannu. Na jirgi sun iso da ƙibarsu. Ya kuma nuna cewa duk cinikin a kan amana yake tafiya: falke ya sauka gidan maigida, maigida ya sayar wa mahauta bashi, shi ne kuma zai tsaya a biya. Wannan tsari har gobe shi ke riƙe da kasuwar, sai dai waya da tura kuɗi ta banki sun rage ɗaukar tsabar kuɗi a ɗamara.

To ina Mubi a wannan zamani? Tana can wata duniya. Jamusawa ne suka mamaye ta a farkon ƙarnin da ya wuce, tana cikin Kamaru. Bayan Yaƙin Duniya na Ɗaya ta koma hannun Ingila a matsayin riƙon amana, ana mulkinta tare da Arewa amma ba a gama sanin makomarta ba. Kayan Adamawa ta ruwa suke fita, idan Binuwai ta cika da damina jiragen kamfanoni su hauro har Yola da Garwa. Lokacin da Bankin Duniya ya ba Nijeriya bashinsa na farko a 1958, dala miliyan 28, don gyaran reluwe da jan layi zuwa Barno, mutanen Mubi ba su ma jefa ƙuri'ar da ta sa su cikin Nijeriya ba. Sai a watan Fabrairun 1961 aka yi ƙuri'ar raba gardamar, ranar 1 ga Yuni yankin ya shigo da sunan Lardin Sardauna, Mubi ce hedikwata. Layin kuwa ya riga ya kama hanyarsa daga Kuru kusa da Jos, ya bi Bauchi da Gwambe da Bajoga da Buni, ya isa Maiduguri a 1964, tafiyar wajen kilomita 640. Ya wuce ta yamma da mu, bai waiwayo ba.

Duk da haka ya yi amfani. Falken da ya sayi shanu a wannan yanki yana iya kora su zuwa Maiduguri ko Gwambe ya nemi tarago, su gangara ta Kafanchan, su haye gadar Makurɗi wadda aka gama tun 1932, su sauka Inugu ko Umuahia ko Fatakwal. Sai dai layin Barno ya zo a makare. Shekara uku da buɗe shi yaƙin basasa ya tashi, layin gabas ya yanke. Bayan yaƙi kuɗin mai ya shigo, gwamnati ta zuba shi a kwalta, manyan motoci suka cika ƙasa, gyaɗar da ke ciyar da reluwe ta mutu da fari da cuta a shekarun 1970. An ɗauko Indiyawa su riƙe hukumar reluwe daga 1979 zuwa 1982, abin ya ɗan farfaɗo, suna tafiya ya koma gidan jiya. Ɗan kasuwa kuma ba ya jiran tarihi. Idan za ka yi mako kana bin ofis don a ba ka tarago, shanunka na tsaye a shinge suna cin kuɗin harawa suna ramewa, alhali ga mai tirela zai zo har tike yau ya sauke maka jibi, ai zaɓin ba shi da wuya. Ita tashar Maiduguri, unguwar da ke kewaye da ita ce ta zama cibiyar rikicin Boko Haram da ya ɓarke a watan Yulin 2009, kuma rikicin ya ƙarasa abin da sakaci ya fara.

Haka ɗan rakiya ya sauka daga tarago ya hau tirela, kuma a ganina ciniki ne da mai shanu ya ci riba, yaronsa ya faɗi. A jirgi yana da inuwa, yana da tashoshin da aka san za a tsaya, ga famfo. A tirela mazauninsa katako ne da aka gitta a kan ƙarafunan sama, ƙahoni a ƙarƙashinsa, kwalta na gudu a gefensa. Yawanci da la'asar ko bayan magariba ake tashi, don dabbobi su sami sanyin dare. Mota ta fita ta Mararraba, ta bi Hong da Gombi da Song, ta haye Binuwai, ta kama hanyar Jalingo da Wukari da Katsina-Ala idan gabas za ta, kasuwanni irin su Lokpanta a jihar Abiya. Idan Legas ce, tafiyar ta fi haka nisa, sai Oko-Oba a Agege. Da hunturu sanyi ya ratsa bargo ya ratsa ƙashi. Da damina ruwa ya sauka a kansa tun daga Taraba har inda Allah ya yi.

Barci kuwa sai dai gyangyaɗi, domin aikin duka na ido ne da kunne. Yana haska tocila lokaci lokaci yana ƙirga kawuna. Saniyar da ta gaji takan durƙusa, idan ta durƙusa na kusa da ita su matso su rufe wurin, cikin ɗan lokaci numfashinta ya fara sarƙewa. Ɗan rakiya zai buga jikin mota ko ya kira yaron mota a waya: «Oga ya tsaya, ɗaya ta kwanta!» Wani lokaci ma ba ya jiran a tsaya. Zai zura ƙafa ya sauka tsakanin dabbobi a cikin duhu, ya sassauta igiya, ya ture wannan da kafaɗa, ya murɗa wutsiyar waccan, ya kama ƙaho ya ɗaga. Idan ta tashi, alhamdu lillahi. Idan ya ga ido ya juye, to wuƙa zai zaro, ya yi bisimilla ya yanka kafin rai ya fita, don kada dukiyar mutane ta zama mushe. Daga nan sai waya: «Alhaji, a yi haƙuri, jan nan na baya ya gaza, mun yanka.» Alhaji ya yi salati, ya tambayi inda suke, ya ce a nemi mahauta a gari na gaba. Su kuma mahautan bakin hanya sun san mai yankakkiyar saniya a mota ba shi da bakin ciniki, abin da suka taya shi za a karɓa.

Wannan hukunci na ɗan lokaci, a yanka ko a dakata, shi ke raba gwani da ɗan koyo. Wanda ya yi gaggawa ya jawo wa maigidansa asarar dabbar da za ta iya tashi. Wanda ya yi nawa ya jawo asarar duka. Shi ya sa ba a ba sabon yaro mota shi kaɗai. Yakan fara da kora a cikin tike da riƙe igiya wurin lodi, sannan a haɗa shi da babba ya yi ta bi har a ga hankalinsa. Da yawansu 'ya'yan Fulani ne da suka tashi a bayan shanu, amma akwai Hausawa da sauran ƙabilun yankin, domin Mubi gari ne na Gude da Fali da Nzanyi da Margi da Kamwe da wasunsu, kuma yunwa ba ta tambayar yare. Wanda ya riƙe amana, wata rana Alhaji zai ce ya sa tasa guda ɗaya a cikin lodin. Manyan fatake da dama ta wannan ƙofa suka shigo.

Sai shingaye. Tsakanin Adamawa da kurmi, masu kaki da marasa kaki, masu rasit da marasa rasit, kowa da sandarsa a gicciye. An biya kuɗin ƙungiya da na ƙaramar hukuma da na takardar likitan dabbobi tun a tike, amma kowace jiha da ƙaramar hukuma da aka ratsa sai ta nemi nata. Mai ɗauke da siminti yana iya kashe mota ya yi gardama har gari ya waye. Mai ɗauke da rai ba shi da wannan dama, domin duk sa'ar da aka ɓata a rana tsaka tana iya cin saniya, kuma masu shingen sun san haka sarai. Kuɗin nan a ƙarshe mai sayen nama a Legas ne ke biya, shi da makiyayin da aka rage wa farashi a Mubi.

Ladan ɗan rakiya a kan tafiya ake yanka shi, da ɗan kuɗin abinci, sannan ya san yadda zai dawo, galibi a bayan motar da ta ɗauko manja ko katako. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi. Ba shi da inshora, ba shi da takardar ɗaukar aiki. Idan ƙaho ya soke shi ko ya faɗo daga sama cikin gyangyaɗi, sai abin da maigida da 'yan ƙungiya suka ga dama suka haɗa. Akwai kuma wata mummunar al'ada da ta shigo, ta ɗaukar fasinjoji a saman shanu saboda arha. 'Yan ci-rani da masu neman kuɗin mota su cika katakai, idan tirela ta kife a rasa rayuka da yawa a tashi ɗaya. Hukumar kiyaye haɗurra ta sha yin gargaɗi a kan haka, kuma laifin na direbobi ne da shugabannin tasha da ke gani su kau da kai.

Sana'ar ta ga tashin hankali iri iri. A ƙarshen Oktoban 2014 'yan Boko Haram suka kama Mubi, gari ya watse, tike ya zama kango, sai a watan Nuwamba aka ƙwato shi, kasuwa ta dawo a hankali. A watan Fabrairun 2021, bayan rikicin kasuwar Shasha a Ibadan, haɗaɗɗiyar ƙungiyar masu safarar abinci da dabbobi ta tsayar da lodi zuwa kudu na 'yan kwanaki. Nan da nan nama da tumatir suka yi tsada a Legas, a Arewa kuma kaya suka yi kwantai. Kowane ɓangare ya ji a jikinsa.

Ba wai an manta da jirgi ba ne ɗungurungum. A ƙarshen 2012 aka dawo da jirgin fasinja tsakanin Legas da Kano, kilomita 1,126, bayan gyara. A 2016, shekarar da aka buɗe sabon layin Abuja zuwa Kaduna, an yi bikin ɗaukar shanu wajen 500 a tarago daga Gusau zuwa Legas, aka yi ta yayatawa, abin bai ɗore ba. A 2021 an ƙaddamar da layin Kano zuwa Maraɗi, da kuma gyaran tsohon layin Fatakwal zuwa Maiduguri, wanda shi ne ya shafe mu. Abin da ya fi ba ni takaici shi ne idan na dubi ƙetaren iyaka. Adamawan Kamaru tana da tata tashar a Ngaundare tun 1974, kuma shanu na hawa tarago daga can zuwa Yawunde da Duwala. Irin dabbobinmu ne, irin mutanenmu ne, yare ɗaya ake yi a tiken.

Ba na cikin masu cewa gobe za a ja dogo ya ratsa duwatsu ya shigo Mubi. Abin da ke iya yiwuwa shi ne a gama gyaran layin gabas har Gwambe, a sa masa taragan dabbobi da shinge da ruwa, tirela ta riƙa kai kaya can ta Gombi da Biu ta juyo. Wannan ba zai kashe rakiya ba, ai a jirgin aka fara ta. Kafin nan kuwa akwai abin da bai kamata ya jira Abuja ba. Shugabannin tiken Mubi da ƙungiyar direbobi su hana ɗaukar fasinja a saman dabbobi, su rubuta sunan duk yaron da ya hau mota da na wanda ya aike shi, su kuma ware wani abu daga kuɗin da ake karɓa a kan kowace tirela don jinyar wanda ya ji rauni da iyalin wanda bai dawo ba. Gwamnatin jiha, wadda ke karɓar haraji a wannan kasuwa kowane mako, ita ya kamata ta tsaya a kan a yi hakan.